Daren da Na'urar Ko-ta-kwana Ta Ƙi Tashi a Landan

Ƙarfe biyun dare ta ɗan gota, wayewar Laraba 4 ga Nuwamban 1992, ma'aikatan ɗakin karɓar kiran gaggawa na hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan suka lura kwamfutocinsu sun fara nauyi. A danna maɓalli, sai an jira kafin allon ya amsa. Wannan manhaja ta saba yi musu gardama, kuma sun san maganin da aka koya musu: a kashe, a sake kunnawa. Jim kaɗan komai ya tsaya cak. Suka kashe, suka kunna, shiru. Kiran da ke cikin na'ura ya ƙi fitowa ta firinta, umarnin tashi ya ƙi isa ga motoci. A birnin da a lokacin mutum kusan miliyan 6.8 ke kwana, wanda ya buga 999 don mahaifiyarsa ta faɗi yana can yana jira, bayanan gidansa kuwa sun maƙale a cikin akwatin da ya daina magana.

Abu biyu ne suka ɗaure wa mutane kai a wannan dare. Na farko, lokacin. Tsakar dare ne, sa'ar da waya ta fi yin shiru. Kwana tara kafin nan wannan manhaja ta shiga ranar da ta fi kowace muni a tarihin hukumar, kira a kan kira, amma ba ta mutu ba. Me zai kashe ta yanzu da babu kaya a kanta? Na biyu ya fi ciwo. Hukumar tana da babbar kwamfuta ta biyu, uwar garken ko-ta-kwana, wadda aka tanada domin irin wannan dare, ta karɓi aiki da kanta idan ta farko ta faɗi. Ta farko ta faɗi, ita kuwa ba ta motsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwamitin mutum uku, Don Page da Paul Williams da Dennis Boyd, ya bi diddigin abin, ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 1993. Don a gane abin da suka tono, sai an koma baya an ga yadda ake aikin kafin kwamfuta ta shigo.

A hedikwatar hukumar da ke Waterloo, idan kira ya shigo, mai ɗaukar waya zai cika fom da biro, ya buɗe littafin taswira ya nemo lambar unguwar, ya rubuta, ya ɗora fom ɗin a kan wani bel mai tafiya. Bel ɗin ya kai shi wurin wani ma'aikaci da zai duba ko an riga an kira a kan wannan haɗari, sannan ya miƙa wa mai rabon motoci na yankin da abin ya faru, domin an kasa Landan gida uku. Mai rabo ya zaɓi motar da ta dace, a buga wa tasharta waya, ko a kira ta a oba-oba idan tana kan hanya. Ƙa'ida ita ce duk wannan ya kammala cikin minti uku. A lokacin kira 2,000 zuwa 2,500 ake karɓa kullum. Hanya ce mai wahala, takarda takan ɓace, amma kowane kira yana da jiki, ana iya riƙe shi a hannu.

Shugabannin hukumar sun so su raba kansu da takarda baki ɗaya. Sun taɓa gwadawa, aikin ya ci fam miliyan 7.5, aka yi watsi da shi a 1990 don ya kasa ɗaukar nauyin da aka gwada masa. A 1991 suka sake tallata kwangilar, suka ce suna son komai ya kammala ranar 8 ga Janairun 1992. Kamfanoni 17 suka gabatar da tayi, da yawansu suka ce wa'adin ya yi kaɗan. Aka ba haɗakar kamfanonin Apricot da Datatrak da wani ƙaramin kamfanin manhaja mai suna Systems Options, a kan fam dubu 937, wato ƙasa da mai bi musu da kusan fam dubu 700. A cikin wannan kuɗi, fam dubu 35 kacal aka ware wa rubuta manhajar. Systems Options bai taɓa gina abu mai wannan girma ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma duk wanda ya ga ratar da ke tsakanin tayin farko da na biyu ya kamata ya tsaya ya tambayi dalili.

Wa'adin Janairu ya wuce ba a gama ba. Sai aka yi dabarar wucin gadi: a riƙa shigar da kira a kwamfuta, firinta ta buga shi a takarda, mutane su ci gaba da rabon motoci. Mai karatu ya riƙe zancen firintar nan, za mu dawo kansa.

Ranar Litinin 26 ga Oktoba aka kunna cikakken tsarin. An sauya zaman ɗakin, an cire takarda, an bar wa manhaja ta zaɓi mota da kanta a duk faɗin birnin. A lokacin akwai kurakurai 81 da aka sani a cikinta waɗanda ba a gyara ba. Tsarin ya dogara ne kacokan kan sanin inda kowace mota take da halin da take ciki. Kowace mota tana da na'urar da ke faɗin wurinta, da ƙaramin allo mai maɓallai da ma'aikaci zai danna ya ce ya tashi, ya isa, ya ɗauki mara lafiya, ya sauke shi a asibiti. Da gari ya waye kira ya fara yawa, sai lissafi ya soma kwancewa. Wani ya manta bai danna ba, wani ya danna ba bisa jeri ba, wata mota ta shiga unguwar da saƙon rediyo ba ya kaiwa, lokacin canjin aiki kuma layin rediyon ya cushe. Manhaja ta riƙa ganin motoci a inda ba sa nan. Ta tura biyu ko uku wuri guda, ta bar wani wurin babu ko ɗaya. Saƙonnin gargaɗi suka riƙa zubowa a allo har na farko suka haura sama suka ɓace ba wanda ya karanta. Mutanen da suka gaji da jira suka sake bugowa, sabon kiran ya ƙara cunkoso, cunkoson ya ƙara jira. Wasu sun yi sa'o'i suna sauraron jiniyar da ba ta zo ba. Jaridu da 'yan ƙungiyar ƙwadago sun ce mutum 20 zuwa 30 sun rasu saboda jinkirin, adadin da kwamitin bai tabbatar ba. Ranar Talata aka janye, aka koma rabin kwamfuta rabin takarda, washegari kuma shugaban hukumar, John Wilby, ya ajiye aiki.

To, da manhajar ta mutu ranar 4 ga Nuwamba, wanda kowa ya fara zargi shi ne yawan kira, tunda shi aka gani da ido a makon da ya gabata. Wannan zargi bai yi nisa ba. Kwamitin ya gano cewa ko a ranakun 26 da 27 ainihin masu neman taimako ba su wuce misali ba, masu sake bugowa ne suka kumbura adadin. Ya kuma ce a waɗannan kwanaki biyu manhajar ba ta faɗi ba, ta yi jinkiri, ta yi aiki da bayanan da ba daidai ba, amma tana raye. Abin da ya jure wa rana tsaka ba zai faɗi don kiran ƙarfe biyun dare ba.

Sai aka waiwayi ma'aikatan motoci. Tsakaninsu da shugabanni babu daɗi tun rikicin albashi na 1989 zuwa 1990, kuma ba su ɓoye ƙin sabon tsarin ba, domin ya ƙwace musu ikon cewa wane ne ya fi kusa, wane ne ya san unguwar. Har an yi ta raɗe-raɗin zagon ƙasa. Gaskiya ne wasu sun riƙa ɗaukar motar da ba ita manhaja ta zaɓa ba, wasu ba sa danna maɓalli yadda ya kamata, kuma horon da aka ba su ya daɗe har sun fara mantawa. Wannan ya bayyana ruɗanin Oktoba. Amma direban da ke kan titi ba shi da hannun da zai kai ga uwar garken da ke Waterloo. Duk abin da zai iya shi ne ya ba ta labarin da ba daidai ba, ita kuwa a daren nan ba labari ta rikita ba, numfashi ta daina. Haka zargin rediyo da na'urar faɗin wuri ya faɗi, don dalili guda.

Da waɗannan suka fita, saura cikin uwar garken kanta. A nan masu bincike suka tarar ƙwaƙwalwarta ta cika maƙil, babu sauran gurbi ko kaɗan. Yadda kwamfuta ke aiki ya yi kama da allon almajiri: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa a wuri guda. Allo ɗaya yakan yi wa yaro shekaru don ana wanke shi. Idan kullum aka bar layi ɗaya ba a wanke ba, ba wanda zai lura yau ko gobe, sai ranar da aka ɗauko alƙalami aka rasa inda za a ɗiga tawada. Tambayar ta koma: me ke rubutu a allon nan ba ya wankewa?

Amsar tana cikin wani ɗan gyara da aka yi kimanin mako uku kafin daren. Wani mai rubuta manhaja na Systems Options ya yi aiki a kan tsarin, ya manta da wani guntun rubutu a ciki bai cire ba. Aikin wannan guntu shi ne duk lokacin da aka ba wata mota umarnin tashi, sai ya kama ɗan gurbi a ƙwaƙwalwar uwar garke ya ƙi saki. Gurbin ƙarami ne ƙwarai. Amma umarnin tashi ana bayar da shi dare da rana, sau ɗaruruwa, kuma kowanne da nasa ɗan cizon. Mako uku ana haka, har gurbi na ƙarshe ya tafi. Shi ya sa sa'ar ba ta da alaƙa da cunkoso. Lissafi ne ya cika, kuma ya faɗo a ƙarfe biyun dare kamar yadda zai iya faɗowa a ƙarfe tara na safiyar Litinin. In aka ƙirga baya, za a ga cutar tana jikin manhajar tun kafin 26 ga Oktoba, tana cinta a ɓoye lokacin da idon kowa ke kan allon gargaɗi.

Ban ga amfanin ɗora wa wannan ma'aikaci laifin duka ba. Duk mai rubuta manhaja yana mantuwa, shi ya sa ake da ƙa'idar cewa wani ya duba aikin wani, a gwada gyara a gefe kafin a sa shi a na'urar da ake aiki da ita. Rahoton ya nuna cewa a wannan aiki ana yawan yin gyara nan take don a faranta wa masu amfani, ba tare da an bi hanyar rubutawa da dubawa ba. Ya kuma nuna hukumar ba ta da nata ma'aikacin da aikinsa shi ne lura da lafiyar na'urorin. Ƙwaƙwalwar da ke raguwa kullum har mako uku abu ne da mai dubawa zai gani da wuri.

Saura tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi. Kowace na'ura za ta faɗi wata rana, don haka ne ake sayen ta biyu. Me ya hana ta biyun tashi?

A nan firinta ta dawo. Tsarin sauyawa zuwa uwar garke ta biyu an zana shi ne domin cikakken tsarin da babu takarda, wanda aka kunna ranar 26 ga Oktoba. Kwamitin ya ce mai yiwuwa da a ranar ne uwar garken ta faɗi, da ta biyun ta karɓa, ko da yake babu wata shaidar cewa an taɓa gwada hakan. Amma ranar 27 an sauya yadda ake aiki, an koma dogaro da firintocin da tun asali dabarar wucin gadi ce. Babu wanda ya koma ya tambayi ko shirin ko-ta-kwana ya san da wannan sauyi, babu kuma wanda ya taɓa kashe uwar garke ta farko da gangan ya ga abin da zai faru da firinta. An sauya gidan, an bar mai gadi yana tsaron tsohuwar ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma gwajin farko da aka yi wa wannan shiri shi ne daren da rayuka ke rataye a kansa.

Abin da ya fitar da su kunya a daren nan tsoho ne. Duk kiran da ya shigo ɗakin ana naɗar muryarsa a kaset. Ma'aikata suka mayar da kaset baya, suka saurari kira ɗaya bayan ɗaya, suka tabbatar babu wanda aka bari ba a tura masa mota ba. Sannan suka nemi izinin manya, suka ɗauko fom da biro da littafin taswira, suka koma kiran tashoshi ta waya da oba-oba. Kaset ɗin ya tsira ne domin ba ya cikin manhajar, bai san da ita ba, don haka cutarta ba ta shafe shi ba. Takardar kuma ta yi aiki ne domin hannayen da ke ɗakin ba su manta da ita ba tukuna. Kwamitin ya ce kasancewar dare ne ya sa ɓarnar ba ta yi yawa ba.

Na daɗe ina juya wannan labari, domin kalmar ajiya, wato kwafin ko-ta-kwana, takan ruɗi mutane. Mai kamfanin motocin asibiti zai ce yana da kwafin bayanansa, hankalinsa ya kwanta. Amma buƙatar ɗakin tura motoci daban take da ta ofishin karɓar kuɗi. Mai tura mota ba zai iya jiran awa ɗaya ba, kuma kwafin jiya da dare ba ya gaya masa wanda ya kira minti biyar da suka wuce. Shi abin da yake so shi ne na'urar da za ta karɓa nan take, da jerin kiran da ke buɗe a wani wuri da idonsa zai gani ko da allo ya mutu. Mai lissafin kuɗi kuwa zai iya jiran kwana ɗaya ko biyu, abin da ba zai iya jurewa ba shi ne rasa tarihin: wa aka ɗauka, daga ina zuwa ina, nisan tafiyar, abin da aka yi masa a mota, wa ya biya, wa ake bi. Tambaya biyu ce kowane ɓangare zai amsa da adadi kafin a sayi ko da waya ɗaya: awa nawa za mu iya zama babu na'ura, kuma aikin awa nawa za mu iya rasawa?

A Ingila mara lafiya ba ya biyan kuɗin motar gaggawa, don haka labarin Landan bai taɓa ɓangaren kuɗi ba. A Amurka kuwa, inda motocin ke rayuwa da abin da kamfanonin inshora da gwamnati suka biya, an ga wannan fuskar a 2024. Kamfanin Change Healthcare shi ne dillalin da takardun neman biya na asibitoci da kantunan magani da sauran masu aikin lafiya ke bi ta hannunsa, a lokacin yana sarrafa mu'amala kusan biliyan 15 a shekara. Ranar 12 ga Fabrairu masu kutse suka shiga ta wata ƙofar intanet da kalmar sirri kaɗai ke tsare da ita, babu tabbaci na biyu. Suka yi kwana tara a ciki, ranar 21 suka kulle komai. Kamfanin UnitedHealth, wanda ya mallake shi, ya biya kuɗin fansa dala miliyan 22, duk da haka aka yi makonni kuɗi bai gudana yadda ya saba ba. Da shugaban UnitedHealth na lokacin, Andrew Witty, ya bayyana gaban 'yan majalisar dokokin Amurka ranar 1 ga Mayu, ya amsa cewa harin ya shafi na'urorin aiki da na ajiya tare. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da asali, maɓalli ɗaya ke buɗe su, wuta ɗaya ke cinye su. Wannan ne dalilin tsohuwar shawarar masu sana'ar, cewa a riƙe kwafi uku, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam, a yanzu kuma ana ƙarawa da cewa ɗayan ya zama a yanke yake daga intanet, kamar kaset ɗin Waterloo.

Ga duk wanda ke riƙe da irin wannan ɗaki, ko na gwamnati ko na kamfani, roƙona ƙarami ne. Ka zaɓi rana, ka sanar da ma'aikatanka, ka kashe uwar garken da hannunka, ka riƙe agogo. Ka ɗauko kwafin makon jiya ka zuba shi a na'urar da babu komai, ka nemo mara lafiya guda da sunansa, ka ga ko yana nan da lissafinsa. Duk ranar da aka sauya wani abu a tsarin, ko firinta ce, ko sabon layin intanet, ko janareta, a sake wannan gwaji, domin shirin jiya na gidan jiya ne. Fom ɗin takarda ya zauna a aljihun tebur, sabon ma'aikaci ma ya iya cika shi. A kuma sa mutum guda mai suna, wanda kowace safiya zai duba yawan gurbin da ya rage.

Landan ta sake gina tsarinta a hankali, mataki-mataki, daga baya ma ta sauya manhaja baki ɗaya. Shekara 24 bayan wancan dare, da misalin ƙarfe 12:30 na daren shiga 1 ga Janairun 2017, daren da ya fi kowanne yawan kira a shekara, kwamfutocin ɗakin suka sake yin nauyi har aka daina aiki da su. Bincike ya gano cewa kwandon sharar rumbun bayanan ne ya cika da abubuwan da aka goge, ya daɗe yana taruwa ba a zubar ba. Ma'aikata suka ɗauko biro da takarda, suka riƙa kiran motoci ta rediyo, har wajen ƙarfe 5:15 na asuba da manhajar ta dawo.